Randunan Dada Saratu

Baba Rufus bai yarda da wa'azin da ake yi wa waya ba. Ya ce mutum ake yi wa wa'azi, mutum mai gida da ƙofa, wanda in ka faɗa masa magana mai zafi za ka ga fuskarsa ta canza. Waya kuwa ko me ka faɗa mata sai dai ta yi ta haske.

Dattijo ne a wata ƙaramar ikilisiya a Kachalla Sembe, cikin Jalingo. Shi ke riƙe da ajin masu shirin baftisma tun kafin a yi wa majami'ar rufin kwano. A da kafinta ne. Da idanu suka raba shi da zarto sai ya koma 'yar gonarsa ta hanyar Kona. Karatunsa bai yi nisa ba, bai kuma taɓa jin kunyar haka ba. Dogo ne, ba ya dariya sai da dalili, dalilin kuma ba ya cika samuwa. Ya taɓa faɗa a gaban jama'a cewa ran da suka ga fuskarsa a waya, to sanarwar mutuwarsa ce.

Suleiman ɗan hannunsa ne. Maraya ne aka kawo shi daga ƙauye, Baba Rufus ya karɓe shi. Ya koya masa riƙe guduma, ya koya masa addu'a, ya ja shi gida-gida gaisuwar marasa lafiya. Abu guda ya fi nanata masa: in ka shiga gidan mutane ka zauna inda aka nuna maka, ka sha ruwan da aka ba ka, ka kama bakinka har mai gida ya gaji da shirunka ya fara magana. Suleiman ya koyi addu'ar. Zaman da shirun ne suka gagare shi.

Yanzu ya girma ya zama Minista Suleiman. Ba wanda ya naɗa shi, shi ya rubuta wa kansa a Fesbuk. Ya sayi farin kwat, da wata fitila zagayayya, da sanda mai ƙafa uku da yake kafa wayar a kanta. Kowace safiya yana tsaye gabanta yana gumi, yana ce wa mutanen da ba ya gani "ƙaunatattuna". Mabiyansa dubbai ne, in ji shi. Ran da zazzaɓi ya kayar da shi, cikin dubban nan ba wanda ya san hanyar ɗakinsa. Mama Cecilia ce, matar Baba Rufus, ta dama masa kunu ta kai.

A ajin baftisma na bana akwai wata yarinya Rebeka. Uwarta Dada Saratu ce, mai burkutu ta ƙarshen Abbare. Duk wanda ya daɗe a garin ya san labarinta. A da 'yar zumuntar matan ikilisiya ce, ita ke buga tukunyar kiɗa in mata sun tashi waƙa. Mijinta ya mutu ya bar mata yara da ɗaki mai yoyo. Ta ɗauko randunan da uwarta ta bar mata tun daga Zing, ta jiƙa dawa, ta hura wuta. Dattawan wancan lokacin suka sa ta a horo: ta zauna a bencin baya, ba ta cin jibin Ubangiji. Ta zauna na ɗan lokaci. Wata Lahadi ta gyara ɗankwalinta ta fita ana tsakiyar wa'azi, ba ta sake dawowa ba.

Rebeka a gindin randunan nan ta tashi. Ita ke juya dawa, ita ke miƙa wa mashaya ƙwarya. Da ta ba da zuciyarta ga Yesu ta cire hannunta daga aikin, ta koma sayar da ƙosai. Uwar ba ta hana ta ba, ba ta kuma sa albarka ba.

To a ikilisiyarsu akwai al'ada. In mace ta fito daga ruwan baftisma, kaya sun jiƙe sun manne mata a jiki, akwai wadda ke tsaye a bakin rafi da busasshen zane ta rufe ta. Uwa ce ke yin wannan. Sai in babu uwa a duniya wata daga cikin zumuntar mata ke tsayawa. Rebeka ta sami Baba Rufus bayan aji, ta durƙusa.

"Baba, in Dada ba ta riƙe mini zane ba, za a ce na sayar da uwata na sayi coci. Ni ma haka zan ce wa kaina."

"Tashi," in ji shi. "Na ji."

Tun daga ranar, duk Alhamis da safe kafin mashaya su fara zuwa, sai ya hau tsohon kekensa zuwa Abbare. Ya jingine keken, ya yi sallama, ya zauna a kan kututturen da ke bakin ƙofa. Warin tsami yana dukan hancinsa, shi da ko ɗigon giya bai taɓa ratsa maƙogwaronsa ba. Dada Saratu ta kawo masa ruwa a kofin roba, don ta san ba zai taɓa ƙwaryarta ba.

"Dattijo, yau ma ka zo kama masu zunubi? Ka yi sammako. Sai rana ya yi suke zuwa."

"Gaisuwa na zo."

"To na amsa."

Shi ke nan. Ya zauna, ta ci gaba da aikinta. Bai taɓa buɗe mata Maganar Allah ba, bai taɓa ce mata ta bar giya ba. Ta san ra'ayinsa, ya san nata. Haka suka ƙare damina. Wata rana ta ba shi labarin ciwon gwiwarta. Wata rana ya gyara mata ƙyauren ɗaki. Sai gab da kaka, tana kankare randa, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce:

"Zanen yarinyan nan. Zan riƙe. Amma ƙafana ba zai taka cocinku ba."

"A rafi ake yi," in ji Baba Rufus.

Ya shanye ruwansa ya tafi. Ko matarsa bai gaya wa ba sai da ta ga ya ƙara tuwo.

Lahadin da ta biyo, bayan sujada, Suleiman ya tare shi a gindin mangwaron majami'a, yana ƙamshin turare kamar ango.

"Baba, ina so in ɗauki shaidar Rebeka."

"Ka ɗauka ka kai ina?"

"Duniya, Baba. Ka duba fa: 'yar mai burkutu ta karɓi Yesu. Wannan in ya hau layi, rayuka nawa za su tsira? Har Ingila ana kallona."

"Mutanen Ingila sun san burkutu?"

"Za su sani. Baba, zamani ya wuce na keke. Kai gida ɗaya kake zuwa a mako, ni a zama ɗaya sai in shiga gida dubu."

"Ka shiga gida dubu, a wanne aka ba ka ruwa?"

Suleiman ya yi dariya irin ta wanda yake tausayin tsoho.

"A'a," in ji Baba Rufus. "Kada ka taɓa yarinyar. Kada ka taɓa gidan."

Gyaɗa ta nuna a gona, ya tafi ya yi 'yan kwanaki yana tono. Ya dawo da rana tsaka, ƙafafu duk ƙasa. Ya tarar da Rebeka zaune a tsakar gidansa, da jakar kayanta a gefe, idanu sun kumbura. Mama Cecilia ba ta ce masa sannu da zuwa ba. Wayarta ta miƙa masa.

"Maigida, zauna ka ga aikin ɗanka."

Ya kawo wayar kusa da idonsa. Ga tsakar gidan Dada Saratu, ga kututturensa ma. Ga randuna an wanke an kife su a rana, tsohuwar ta tafi kasuwa sayen dawa. Ga Suleiman cikin farin kwat yana tsalle yana nuna su da yatsa.

"Ƙaunatattuna, ku duba tukwanen Shaiɗan! A gidan nan wata tsohuwa ta shekara da shekaru tana dafa wa Iblis abinci! Amma yau wuta za ta sauka! Ku danna, ku tura wa wasu!"

Ya danƙa wa Rebeka taɓarya. Tana kuka tana girgiza kai. Yana ihu a kunnenta: "Fasa! In tubanki na gaske ne, fasa!" Ta ɗaga ta buga. Randa ta farko ta tsage. Sauran shi ya ƙarasa su da kansa, yana kiyaye kwat ɗinsa kada ya ɓaci. A ƙasan hoton rubutu yana ta gudu: Amin, Amin, wuta, Amin.

Baba Rufus ya ajiye wayar a kan tabarma a hankali, kamar wani abu mai cizo.

"Ke, wa ya ce ki yi?"

"Minista ne. Ya ce ka sani, Baba."

"Uwar taki fa?"

"Mashaya ne suka nuna mata a wayoyinsu, suna dariya. Ta kalla har ƙarshe. Ta shiga ɗaki ta jefo mini jakata. Ta ce in je wurin masu Amin su haife ni."

Bai wanke ƙafa ba. Ya juya kekensa.

Ɗakin Suleiman bango ɗaya aka yi wa fenti, wanda waya ke kallo. An rataya masa labule mai sheƙi da furen roba. Sauran bangon siminti ne tsirara, kwanukan jiya a ƙasa ba wanki. Suleiman ya tashi da murna yana nuna allon wayar.

"Baba, ka gani? Ban taɓa samun kamar wannan ba. Mutane sun rubuto sun ce sun ba da ransu ga Yesu."

"Su wa?"

"Da yawa, Baba."

"Kira mini sunan ɗaya. Wace unguwa yake? Wa zai je gidansa ran Alhamis?"

Suleiman ya shafa allon sama da ƙasa. Sunayen ba na mutane ba ne: wani Zakin Yahuza, wata Gimbiyar Sama, wani kuma hoton mota ne kawai.

"Ka ce wa yarinya na sani."

"Ai na gaya maka, Baba. Ka sani."

"Na sani na ce a'a."

"Amma Baba, giya ce fa. Kai ka koya mini giya zunubi ce."

"Na koya maka shiga gidan mutane ba sallama? Na koya maka zagin uwar wani? Randar taka ce? Rai ɗaya aka ba mu a gidan nan, muna lallaɓa na biyu. Ka je ka fasa don baƙi su tafa maka. Sa kwat ɗinka."

"Ina za mu?"

"Sa. Farin."

Suka biya ta wurin masu tukwane, Baba Rufus ya zaɓi babbar randa. Suleiman ya fara ɗaga hannu zai tsayar da keke napep.

"A ka," in ji tsohon.

Haka Minista Suleiman ya ratsa gari da randa a ka, farin kwat yana shan jar ƙasar jikinta, tsoho yana biye da shi yana tura keke. Masu shaguna suka fito. Wani mai faci ya ɗaga murya: "Minista, yau kuma sayarwa ake, ba fasawa ba?"

Dada Saratu tana zaune a tsakar gida. Ba ta share gutsattsarin randunan ba, ta tara su wuri guda a gabanta. Murhu ya huce. Baba Rufus ya yi sallama, ta yi kamar ba ta ji ba. Ya sake. Ta ce, "Wa zai hana ku? Ai kun saba shigowa." Ba ta nuna masa kututture ba, ba ta kawo ruwa ba. Ya tsaya a tsaye.

"Maman Rebeka, mun zo ba da haƙuri. Yaron nan nawa ne. Kai, sauke ka durƙusa."

Suleiman ya duba ƙasa. Wurin duk laka ce da dusar giya. Ya nemi busasshen gefe.

"Nan," in ji Baba Rufus.

Ya durƙusa a nan.

Tsohuwar ta dubi sabuwar randar, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi tsaki. Ta ɗauki wani kasko baƙi ƙirin daga cikin tarin ta juya shi.

"Ka ga wannan? Wurin yatsan uwana ne. Shi ya gina da hannunsa kafin a haife ni. Da wannan na biya makarantan yarinyan da kuka ce kun ceto. Lokacin da yara suke kuka da yunwa, ina masu Amin? A bencin baya kuka ajiye ni. Na yi shiru. Yanzu kuma na zama mai dafa wa Iblis abinci."

"Ba mu da bakin magana," in ji Baba Rufus.

"Dada, ki yi haƙuri," in ji Suleiman da ƙaramar murya. "Zan goge bidiyon."

"Ka goge? Ka goge daga idon wa? Jikan maƙwabcina ma ya gani. A gaban duniya aka zage ni, yanzu kun zo a ɓoye kamar masu satan kaza. Ban karɓa ba." Ta nuna aljihun Suleiman. "Fito da wayan nan. Inda aka yi zagin, a nan za a ba da haƙurin. Kuma ba bakin yaro nake so ba. Dattijo, bakinka. Kai ka zauna a ƙofana damina guda kana shan ruwana."

Baba Rufus ya tuna abin da ya faɗa a gaban jama'a game da fuskarsa da waya. Ya san har yaran ajin Lahadi sun haddace maganar. Ya san gobe za a ce dattijon ikilisiya ya tsaya a gidan giya yana roƙon gafara a kan tukwanen burkutu. Sai ya tuna yarinyar da ke zaune a tsakar gidansa da jaka.

"Kunna," ya ce.

"Baba, kai tsaye? Mabiyana za su..."

"Kunna. Kada ka tashi daga inda kake."

Suleiman ya kunna a durƙushe. Mutane suka fara shigowa da sauri, suna tsammanin za a sake fasa wani abu. Baba Rufus ya cire hularsa, ya dubi wayar yadda yake duban katako mai gara.

"Ni ne Rufus. Ban san ku ba, ba ku san ni ba. Yaron da kuke kira Minista ni na rene shi. Ya shigo gidan nan ba sallama, mai gida ba ta nan. Ya yi ƙarya da sunana. Ya fasa kayan da ba nasa ba, ya zagi uwar wani. Giya ba ta da kyau, a kan wannan zan mutu. Amma da randunan nan aka ciyar da yarinyar da kuka yi wa tafi. Wannan ba aikin Yesu ba ne, rashin kunya ne. Saratu, a gaban waɗanda suka ga an ci mutuncinki, ina roƙonki ki yi haƙuri." Ya sunkuyar da kai gare ta, ya sake duban wayar. "Ku kuma da kuka rubuta Amin ran nan, hannunku yana ciki. Yanzu ku rubuta haƙuri."

Ba su rubuta ba. Suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kamar 'yan kallo in an kawo kwanon taimako. Wani ya tambaya yaushe za a fara addu'ar buɗe hanyar arziki. Wata ta ce a canza wannan tsohon, ba shi da shafewar Ruhu. Kafin Suleiman ya gama nasa ban haƙurin, waɗanda suka rage ba za su cika benci biyu ba. Hawaye suka zubo masa. Baba Rufus ya lura idon yaron a kan allon yake, ba a kan tsohuwar ba.

Dada Saratu ta tashi da ƙyar tana dafa gwiwa.

"Na ji," ta ce. Ta shige ɗaki ta ja ƙyauren da ya gyara mata.

Ba ta ce ta yafe ba. Ba ta ambaci zane ba. Shi ma bai tambaya ba, ya san ba a tambaya. Suka bar randar a tsakar gida suka fita.

Rebeka ta ci gaba da zama a gidansu. Da ranar baftisma ta matso ta ce, "Baba, ko in bari sai baɗi?"

"Don Yesu za ki shiga ruwa, ba don zane ba. Ki shiga."

Haka ya faɗa, amma tuwonsa ya koma saura a kwano. Mama Cecilia ta ninke wani zanenta ta sa a jaka ba tare da ta yi shawara da kowa ba.

Ranar ta zo. Da hantsi jama'a suka gangara rafin Mayo Gwoi, ruwa ya ja baya ya bar yashi. Matan zumunta suka jeru cikin zanensu iri ɗaya, suna waƙa suna buga tukwane. Sai ga Suleiman da sandarsa mai ƙafa uku. An wanke kwat ɗin, jar ƙasar ba ta fita duka ba. Ya zo ya rusuna.

"Baba, Fasto ya ce in ɗauka. Wannan karon na nemi izini."

Baba Rufus ya dubi Fasto, wanda ya sa sabuwar riga ya kuma yi aski don ranar. Suleiman ya kafa wayarsa daidai inda masu fitowa daga ruwa za su bi.

Aka fara da maza. Aka zo kan mata. Kowace ta fito uwarta ta tare ta da zane, ana guɗa. Baba Rufus yana tsaye a gefe da sandarsa, idonsa a kan hanyar da ta gangaro daga gari. Idon ba ya gani da nisa, duk mai tahowa inuwa ce. Inuwa ta zo ta zama mai wanki. Wata ta zo ta zama mai ɗibar yashi.

Aka kira Rebeka. Ta waiga sau ɗaya, ta shiga ruwa. Mama Cecilia ta buɗe jaka ta fara warware zanenta.

"Mayar," in ji wata murya a bayanta.

Dada Saratu ce, tana ɗingishi a kan yashi, ba ta gai da kowa ba. A kafaɗarta akwai tsohon zanen zumuntar mata, irin na da wanda aka daina yi, ya koɗe har rubutun jikinsa ba ya karantuwa. Tsofaffin cikin masu waƙa suka gane shi. Waƙar ta ɗan yi rauni, ta sake tashi.

Fasto ya nutsar da Rebeka ya ɗago ta. Tsohuwar ta taka har cikin ruwa, ta tsaya daidai gaban wayar, ta juya mata baya, ta buɗe zanen iyakar faɗin hannuwanta. Ƙaunatattun Minista Suleiman, na gida da na Ingila, ba su ga komai ba sai koɗaɗɗen zane da ƙeyar tsohuwa.

"Dada, don Allah ki ɗan matsa," in ji Suleiman. "Kin tare."

"Na tare. Ni na haife shi, ba su ba."

Rebeka ta faɗa cikin zanen tana kuka. Uwar ta naɗe ta tamau, tana goge mata fuska da gefensa tana faɗa. "Yi shiru, sakarai. Ruwa ne kawai, ba a yanka ki ba. Ina jakanki? Ki kwaso ki dawo, ɗakin ba mai shara."

Suleiman ya ɗaga sandar zai zagaya ta ɗaya gefen. Ya haɗa ido da Baba Rufus. Ya ajiye.

"Kashe," in ji tsohon. "Je ka ɗauko wa Dada takalmanta, ruwa zai tafi da su."

Ya kashe ya tafi. Ta karɓi takalman ba ta dube shi ba. Da za ta wuce ta gaban Baba Rufus ta ɗan tsaya.

"Dattijo, randan ka yana yoyo."

"Sabuwa ce. Za ta daina."

Ta yi tsaki ta ja 'yarta suka haura. Fasto ya miƙo hannu zai gaishe ta, ta wuce shi kamar dutse.

Ran Alhamis Baba Rufus ya ba wa kekensa iska, ya biya ta ɗakin Suleiman. Ya same shi yana gyara fitila.

"Ajiye. Wayar ma ajiye. Kwat ɗin ma."

Suka isa Abbare, tsoho a kan keke, Minista a ƙasa yana haki. Suka yi sallama. Dada Saratu ta dube su, ta nuna wa tsohon kututture da haɓa. Suleiman ya rasa inda zai zauna, ya tsuguna a ƙasa. Ta kawo ruwa kofi ɗaya ta ba Baba Rufus. Ta koma aikinta.

Suleiman ya shafa aljihunsa, ba komai a ciki. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Baba, me zan ce mata?"

"Ba komai."

"Har yaushe?"

"Har ta kawo maka ruwa."